Waƙa ta Bakwai

"Ba zan kai ba."

"Za ka kai."

"Mmi, ki ce su sauko su ɗauka. Suna da hannu."

"Ranar da za a zo neman auren 'yarsu su sauko ɗaukar tire?" Ba ta ko ɗago kai ba. Hannunta na cikin kwaɓin almon, tana murzawa tana jerawa. "Hawa biyu ne, Nizar. Ƙafarka ce ta mutu ko kunnenka?"

Ta san inda ta taɓa. Amma Mmi, mahaifiyata, ba ta janye magana, sai dai ta rufe ta da abinci. Ta zaɓi guda daga cikin kayan zaƙin da ake kira ƙahon barewa, wanda ya fashe a gefe, ta turo mini a kan tebur. Ban taɓa ba.

"Shekara biyu kana wuce yarinyar nan a matakala kamar ka ga ɗan sanda," ta ce. "Ka buɗe baki, ka ƙi. To, wani ya buɗe nasa."

"Ba ruwana da ita."

"Madalla. Wanda ba ruwansa shi ke ɗaukar tire."

"Ba ita ba ce. Shi ne, mai neman auren."

"Shi ɗin ma Allah ne ya yi shi." Ta goge hannu a jikin zanenta. "Lalla Zhor, uwar yarinyar, ta ba ni aikin kayan shayin nan ne don ta girmama ni, ba don babu masu yi a gari ba. Gobe bayan la'asar ka sa farar riga, ka hau, ka ajiye, ka ce Allah ya sa albarka, ka sauko. Daga nan in ka ga dama ka tafi Tanja wajen kawunka. Aikin tashar jirgin ruwa na jiranka tun bara. Ko iska ka canza."

"Iskar nan ta ishe ni."

"Ita ce ta mayar da kai haka."

Na ɗauki jakata na fita. Ƙanshin ruwan furen lemo ya biyo ni har bakin titi.

Waɗanda suka biyo labarin nan tun farko su yi haƙuri, zan maimaita saboda sababbi. Ba zan ja ba.

Sunana Nizar. Sakandare na gama, ban wuce nan ba. Ina gyaran waya a wata rumfa a kasuwar Derb Ghallef. Ina kuma da shafi, Kunne Ɗaya, inda nake sharhin kundin waƙoƙin 'yan pank da 'yan rok, masu kiɗan ihu a gareji, daga nan garinmu Kaza har Meknas da Agadir. Ba mu da yawa. Duk mai zuwa wasa ya san fuskar kowa. Amma masu shirya bikin kiɗa na bazara suna leƙa shafina kafin su zaɓi wanda zai hau dandamali, kuma kowa ya san da haka. Shi ya sa ake gaishe ni.

Maki uku nake bayarwa: kunne ɗaya, rabin kunne, babu kunne. Wasu samari 'yan Asfi, Sardin Mahruq, sun naɗi waƙoƙinsu da waya a cikin shagon kifi, ana jin firji na gurnani a baya. Na ba su kunne ɗaya cif. Na rubuta cewa firjin ya fi mai jitarsu riƙe kiɗa, kada su kuskura su kore shi. Sun buga maganar a riga suna sayarwa.

Kafin shafin, ganga nake bugawa. Mu uku ne, Akhir Tobis, wato motar ƙarshe. Sufyan ke waƙa da jita. Nuhaila, 'yar hawa na uku a gidanmu, ita ke riƙe da bes, babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu da ake ji a ƙirji. Ni ina baya. Shekara uku ina kallon ƙeyarta da jar robar da take ɗaure gashi. Ban taɓa ce mata komai ba. Na ɗauka kiɗan ya isa.

Wata rana da azahar, a garejin baban Sufyan, na durƙusa ina gyara igiyar lasifika, kunnena na hagu manne da ita. Sufyan ya murɗa ƙarar har ƙarshe, ya kara jitarsa a jikin lasifikar. Wasa. Wanda ya taɓa shiga gareji ya san ƙugin da take yi. Na ga bakinsa na dariya, ban ji dariyar ba. Likita ya ce a jira. Na jira. Hagu bai dawo ba.

Na koma bugu, sai na fara zamewa. Ba sosai ba. Sufyan ya daure na ɗan lokaci, sannan ya shigo da wata 'yar na'urar buga ganga kamar akwatin sabulu, ya ajiye ta a kan kujerata.

"Khuya, ɗan'uwana, kada ka ji haushi," ya ce. "Ita ba ta da ranar ganin likita."

Na dubi Nuhaila. Tana kallon tsirkiyarta, tana murɗawa kamar ba ta daidaita ba. Ta daidaita. Da kunne ɗaya ma na san ta daidaita.

Ranar na dawo gida na ɗauki almakashin Mmi na yanke ɓarin hagu na iyafis ɗina. Me zan yi da shi? Tun daga nan da guda nake aiki. Bai taɓa ba ni matsala ba, don mutanenmu a gareji suke naɗa, komai a dunƙule wuri guda, abin da dama ta ji shi hagu ta ji. Ku riƙe wannan.

Litinin ɗin nan saƙo ya shigo. Lambar Nuhaila ce, wadda ban goge ba, ban kuma taɓa kira ba.

"Ga kundinmu, kafin kowa ya samu."

"Ka saurari ta bakwai."

Na ga alamar tana rubutu tana gogewa, tana rubutu tana gogewa. Can sai:

"Lahadi za su kawo sukari."

"Nizar."

Sunana kawai. Ko alamar tambaya babu.

Kun san yadda abin yake. Su shigo da kawunan sukari a naɗe cikin shuɗiyar takarda, su ajiye a gaban uba. In an fasa an sa a shayi, magana ta ƙare. In ya koma da takardarsa, ita ma ta ƙare.

Ban amsa ba. Jim kaɗan Sufyan, mai neman auren, shi ma ya turo nasa: "Khuya, muna jiran hukuncin babban alƙali. Ka saurara da kyau." Ya liƙa hoton kunne a ƙarshe.

Ina da ƙa'ida. Kowane kundi sau uku nake jin sa: a taram, a rumfa, sannan a kwance a ƙasan ɗakina. A taram na fara. Na tsallake kai tsaye zuwa ta bakwai, abin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Na'ura. Tik, tak, tik, tak. Can nesa wata jita na shafar iska. Na jira murya. Na jira bes. Taram ya tsaya, ya tashi, ya sake tsayawa. Abin da ya zauna a kujerata yana bugawa shi kaɗai a cikin kunnen da ya rage mini, minti huɗu cur. Sai waƙar ta ƙare.

Na duba jerin sunaye. Ta bakwai: tsarawa, Nuhaila.

Wato abin da ta ce in saurara ke nan. Na wuce tashar da zan sauka. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko lafiya, na ce haƙori ne.

Sauran waƙoƙin na ji su yadda ƙa'ida ta ce. Zan gaya muku abin da ban gaya wa shafi ba: ta uku tana da kyau. Akwai inda Sufyan ya daina ihu, ya sauke murya yana magana kawai a kan wani abokinsa da ya shiga kwalekwale don tsallake teku bai iso ba, bes ɗin na tafiya a ƙarƙashinsa kamar mai riƙe da hannun mara lafiya. Da wani ne ya yi ta, da ya samu rabin kunne saboda ita kaɗai.

Ba wani ba ne.

Ba zan iya hana sukari hawa matakala ba. Baban Sufyan na da shagunan tayil a unguwa uku. Si Larbi, baban Nuhaila, ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, ya kuma gaji da jin makwabta na cewa 'yarsa na yawo da jita a baya kamar mai goyo. Abin da zan iya shi ne in sa shayin ya yi wa ango ɗaci, in kuma tabbatar dandamalin bazara ya wuce shi yana kallo.

To, ranar Asabar ɗin, daga faɗan tire rumfa na nufa. Na ture wayoyin mutane gefe.

"Yau babu gyara?" in ji mai rumfar.

"Yau ɓarna ce."

Ga abin da na rubuta. Ban cire komai ba.

"Akhir Tobis sun fitar da kundinsu na farko. Sufyan yana ihu a kan yunwa da muryar wanda bai taɓa tsallake abincin rana ba. A waƙa ta biyu yana zagin masu kuɗin unguwar Anfa. An naɗi zagin a situdiyo mai sanyi, inda ake kawo wa mawaƙi ruwan gora a kan faranti, kuma tayil ɗin ƙasan wurin na san shagon da ya fito.

"Jitarsa tsaf take kamar banɗakin otel. Pank ba ya son wanka. Su kuwa sun kama shi sun cuɗe, sun yanke masa farce, sun fesa masa turare, sun kawo mana shi a kan kujera suna cewa ga ɗan iska.

"Ganga kuwa na'ura ce. Ba ta gumi, ba ta kuskure, ba ta jin haushin kowa. Wanda ba ya jin haushin kowa me ya kawo shi wannan kiɗan?

"Waƙa ta bakwai babu komai a cikinta. An ce mai bes ce ta tsara ta. Na yarda. Na san shirunta. Ta iya tsayawa tana kallon tsirkiyarta har a gama abin da ake yi wa mutum. Wannan karon an naɗi shirun, an ba shi lamba.

"Maki: babu kunne."

Na karanta. Na goge sakin da ke kan Nuhaila. Na mayar. Na fita na ci burodi da sardin a tsaye, na dawo na sake dubawa. Na bar shi.

Lahadi da safe, bayan na sha shayi na ci msemen, wainar fulawarmu, na sake shi. Ƙa'idata ta biyu: in na saki sharhi ina kashe waya. Ba na karanta kukan mutane da zafinsa.

Mmi ta goge mini farar rigar da kanta, har da wuya. Ta tsaya ta ɓalla mini maɓallin sama kamar ina ɗan firamare.

"Ka saki fuskar nan."

"Haka aka haife ni da ita."

"Ni na haife ka. Ba haka take ba."

Tire biyu ne, an rufe su da farin ƙyalle mai aiki a baki. Na hau. Ƙofarsu a buɗe take. An canza rigunan kujerun falo zuwa masu ruwan zuma, an fito da kofunan da ba a taɓawa sai da Sallah. Si Larbi na zaune da sabuwar jallaba yana goge butar shayi da ta riga ta gogu. Baƙi ba su iso ba.

"Ɗana Nizar," in ji Lalla Zhor. Ta ɗaga murya, yadda kowa ke yi mini. "Allah ya yi wa hannun mahaifiyarka albarka. Allah ya nuna mana naka."

"Amin, Lalla. Allah ya sa albarka."

Na faɗa. Aikina ya ƙare. Na juya.

"Mama, an manta shanya a sama."

Nuhaila ce, tana tsaye a bakin ɗakinta. Koren kaftani, ɗamarar zinari a ƙugu, an gyara mata gashi an zuba shi gefe guda. Ban taɓa ganin ta haka ba, ban kuma so ba. A ƙafarta kuwa tsohon baƙin takalmin nan ne da take hawa dandamali da shi, ko igiya ba ta ɗaure ba.

"Yanzu?" in ji uwar. "Da wannan kayan?"

"Yanzu. Nizar zai riƙe mini kwando."

Babu shanya a saman gidan sai tawul ɗin wani da safa ƙafa ɗaya. Tattabarun makwabci na zagaye. Can nesa ƙarafan tashar jirgi na tsaye cikin hazon teku. Na ajiye kwandon.

"Na san shirunta," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba. Ita kaɗai ce ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. "An naɗi shirun, an ba shi lamba."

"Sharhi ne."

"Sharhi ne."

"Ke kika ce in saurara. Na saurara."

"Ka saurara."

"Akwatin sabulu daga farko har ƙarshe. In dariya kuke so ku yi mini, kun yi. Ni ma na yi tawa."

Ta daɗe tana kallona.

"Kai wane irin jaki ne, Nizar?"

"Mai kunne ɗaya."

"Kunna wayarka."

"Ba na karanta..."

Ta ciro tata daga cikin ɗamara ta sa mini a fuska. Shafina ne. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka a ƙarƙashin sharhi ba.

"Kunne Ɗaya yau ya zama Babu Kunne."

"Khuya, je ka a wanke maka ɗayan."

"Ta bakwai ta sa ni hawaye a cikin tasi, shi wannan me ya ji?"

Har mai jitar Sardin Mahruq ya rubuta: "Firjinmu na gaishe ka. Ya ce shi ya ji ta."

"Waɗannan mutanen Sufyan ne," na ce.

Ta warware iyafis ɗinta, mai ɓari biyu, ta jefo mini. Na duba alamar na ɗauki na dama, yadda hannuna ya saba, na sa. Ta danna.

Tik, tak, tik, tak.

"Ga shi nan," na ce. "Abin da na ji ke nan. Zo ki ji gwanintarki."

Ta karɓa ta kara a kunnenta. Ta tsaya. Ta ɗauki ɗaya ɓarin da ke lilo, ta kara shi ma. Na ga fuskarta ta sauya a ƙarƙashin hodar. Ta mayar da waƙar farko, ta miƙo mini na hagun.

Na sa na hagu a kunnen dama. Ban taɓa yin haka ba. Shekara biyu, bai taɓa zo mini a rai ba.

Sanda ce ta fara. Sandar ganga a kan 'yar'uwarta, ana ƙirga shiga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ukun ta ɗan makara. Ni ne. Ni kaɗai ke makara a ta uku, Sufyan ya sha zagina a kai. Daga wani tsohon naɗin gareji ta ciro.

Sai bes ya shigo, a hankali, a ƙasa. Sai murya. Ba ta Sufyan ba. Ban taɓa sanin tana waƙa ba.

Ba zan rubuta muku duka ba, nawa ne. Ta ce akwai wanda ya zauna a bayanta shekara uku, ba ta taɓa juyawa ba don ta san yana nan. Ta ce yanzu tana juyawa, bango take gani. Ta ce ranar da ya kamata ta yi magana ta ɓuya a cikin tsirkiya, kuma tsirkiyar ba ta yafe mata ba. A ƙarshe ta maimaita abu ɗaya har muryar ta dushe: in ka ƙirga huɗu, zan shigo.

Waƙar ta ƙare. Tattabaru na nan suna zagaye.

"Tun Litinin nake jira," ta ce. "Na ce ko kalma ɗaya. Ko ka buga bututun ruwa daga ƙasa, zan ji. Yau da safe sai ga amsarka, gari duka ya riga ni karantawa."

"A hagu take."

"Na gani."

"Duka a hagu take, Nuhaila. Babu ko numfashinki a dama."

"Na ce a sa ta gefe ɗaya. Gefenka. Don ta zama kamar a kunne nake gaya maka." Ta naɗe igiyar iyafis ɗin a yatsa har ya yi fari. "Tun da na rera ta ban sake sauraron ta ba. Ba na iyawa."

"Wa ya haɗa sautin?"

Ba sai ta faɗa mini Sufyan ne ba.

Ƙarar rufe ƙofar mota ta taso daga ƙasa. Na leƙa ta katanga. Babbar mota ruwan toka ta toshe rabin layinmu. Mata biyu da kaftani, dattijo da jar hula, wani na ɗauke da furanni. A bayansu faranti, kawunan sukari huɗu a tsaye cikin shuɗiyar takarda.

Na tuna saƙonsa. Ka saurara da kyau. Da hoton kunne.

Ya san na yanke ɓarin hagu. Kowa ya sani, hoton shafina ke nan. Ya zauna a situdiyo mai sanyi ya ji yarinyar da zai aura tana kiran wani, bai yi faɗa ba, bai goge waƙar ba. Ya matsar da ita kawai zuwa inda ya riga ya kashe. Sannan ya jira in yi masa sauran aikin da hannuna. Na kuwa yi. Har na gyara masa waƙafi.

Ba mu daɗe ba muka ji takun hawa. Sufyan ya fito da farar jallaba mai dogon hannu, ta rufe duk zanen da ke damtsensa. Rawayen takalmin balga a ƙafa. An cire ɗan kunne. Ya zagayo ya tsaya ta hagu da ni, dole na juyo da kai gaba ɗaya kamar kaza kafin in ji shi.

"Lalla Zhor ta ce shanyar ta isa haka," ya ce. Ya dube ni yana murmushi. "Babban alƙali. Farar riga ta karɓe ka. Na gode da sharhi, khuya, da gaske. Tun safe kowa ke neman ta bakwai ya ji abin da ba ka ji ba. Masu biki ma sun kira. Ranar rufewa suka ba mu."

Katangar saman gidanmu ba ta kai ƙugu ba. Na auna ta da ido, na auna shi. Na sa hannuwana a aljihu.

"Me ya sa ka sa ta a hagu?"

"Ni?" Ya dafa ƙirji. "Ni hannu ne kawai. Mai waƙa ta tsaya a bayana, ta nuna lasifika da yatsa ta ce nan. Na ce kin tabbata? Ta ce nan." Ya juya. "Ko ba haka aka yi ba, Nuha?"

Na jira ta ce ƙarya yake yi. Kalma uku ce.

Ta sunkuyar da kai tana kallon igiyar da ke naɗe a yatsanta. Na san wannan kallon.

"Ka ga," in ji Sufyan. "Ai abin akwai ruɗani. Ni kaina sai na tsaya na tuna inda ka durƙusa ranar."

Daga tsakar matakala muryar Si Larbi ta hau. "Nuhaila. Ruwa ya tafasa, 'yata. Mutane na jira."

Ba a fasa sukarin ba. Yana kan tebur da takardarsa, 'yar gudumar tagulla na gefensa. Sai ta sauka ta zauna uban zai ɗauka.

Na zaro hannu ɗaya daga aljihu. Akwai ƙarfen shanya kusa da ni, kuma yatsuna sun san yadda ake ƙirga huɗu. In ƙarya yake yi, zan ƙirga, in sauka gabansu da farar rigar Mmi in mayar da farantin nan cikin mota da kaina. Sannan in zauna da shi a hankali, kundi bayan kundi, dandamali bayan dandamali, har ya koma sayar da tayil. Ina da shafi. Ina da lokaci.

In kuwa gaskiya ya faɗa, to shekara biyu muna wuce juna a matakala ɗaya, ta rubuta mini waƙa, ba ta taɓa tambaya ba.

"Nuhaila," uban ya sake kira.

Na ɗora yatsa a kan ƙarfen. Ban buga ba.

"Dube ni," na ce mata. Ta ɗago. "Kafin yau, kin san wane kunnen ne ya rage mini?"